Motar da Ta Sha Wutar Kunun Aya

Mu biyar ne a gidan ran nan, in ba a sa kaji a lissafi ba. Akwai ni. Akwai autana, wanda ke aiki a Abuja, da matarsa, 'yar Nasarawa, mai sanyin murya da zafin nama. Akwai ƙanen marigayi mijina, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda tun da masaƙar ta rufe ya mai da bencin barandata ofis. "Matarmu" yake ce mini, ni kuma Baba Ƙarami nake ce masa, yadda 'ya'yana ke kiransa. Sai maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu, 'yar Filato, wadda katanga ɗaya ce tsakanina da ita a Mahuta, nan Kaduna, tun 'yan biyun nata suna goye. Ta shida mota ce. Na sa ta cikin mutane don ita ta haddasa komai, kuma ita ta fi kowa samun kulawa.

Asabar ce, tsakiyar bazara, irin zafin da kaza ke buɗe baki tana haki a gindin mangwaro. Da la'asar zumuntar matan cocinmu za ta karɓi baƙi, mata daga unguwannin Television da Gonin Gora da sauran wurare, kowa cikin zanin zumunta. A irin wannan taron kowace mace da aikinta. Wata shinkafa, wata cincin, wata kujeru. Ni kunun aya. Tun ina iya ɗaukar bokiti a kowane hannu ni ke yinsa, kuma ba a taɓa dawo mini da roba da saura a ciki ba.

Sai bana, wajen shirin taro, uwar zumunta ta gyara murya ta ce, "Mama ta yi mana hidima shekara da shekaru, Allah ya saka mata. Ga zafi, ga wuta ba tabbas, kunun aya kuma ba ya haƙuri. Me zai hana mu hutar da ita, mu sayi lemun kwalba?" Da ladabi ta faɗa, har da ɗan rusunawa. Amma na san irin wannan hutun. Mace in aka hutar da ita sau ɗaya, ta huta ke nan, sai dai a riƙa ba ta kujerar gaba ana yi mata fifita. Na miƙe na ce kunu zai zo, kuma da sanyinsa. Na zauna.

Gaskiyarta a wuri ɗaya, kunun aya ba ya haƙuri. Zoɓo zai wuni yana jiranka. Shi kuwa da zarar zafi ya taɓa shi sai ya fara tsami, ya tsinke, robar ta kumbura, in ka buɗe ta ta yi maka tsaki. Ba sukari ko citta da za su rufa masa asiri.

Saboda haka na tuna da firizata. Doguwa ce, irin ta kwance, marigayi ya saye ta zamanin masaƙa na aiki. Ta daɗe da mutuwa, na mai da ita rumbu a baranda, wake a nan, masara a can. Autana da hannunsa ya sha satar gyaɗa a cikinta yana yaro. Bayan maganar uwar zumunta na kwashe hatsin na kira mai gyara, ya kwance mata baya, ya canza abin da zai canza, ta tashi tana gurnani kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Ya kuma sa mata soket mai ƙarfi a bango, ita kaɗai. Ban gaya wa kowa a Abuja ba. Ba abin labari ba ne. Na lulluɓe ta da tsohon bargo da buhunan algarara don ta riƙe sanyi in an ɗauke wuta, sai ta koma kamar yadda take a da, tulin tsumma a kusurwa.

Ranar, tun kafin rana ta fito ni da Maman 'Yan Biyu mun dawo daga inji. Ayar ta kwana a jiƙe, da dabino da kwakwa da 'yar citta da kanumfari. Muka tace, muka sake tacewa, muka ɗura a robobi. An kwana biyu ba wuta a unguwa, amma Allah ya taimake ni, muna rufe robar ƙarshe yaran layi suka ɗauki ihu, an kawo. Na jera robobin a firiza, na rufe, na mai da bargo, na dafa murfin na yi godiya. A lokacin, in ta zo da safe takan kai azahar. Wannan ya ishe ni.

Ni mace ce mai kunne. Ban yi makaranta ba, amma babu abin hawan da zai shigo layinmu ban san na wane ne ba tun yana kwana. Motar fasto tari take yi. Keken mijin mai wanki kamar ana kaɗa cokali a kofi. Tsohuwar motar autana, tun daga bakin titi nake jin ta in ɗora ruwan zafi. Ran nan ina bayan gida ina wanke ƙyallen tata, ban ji komai ba. Na zagayo da kwano a hannu, sai ga wata aba ja wur a tsakar gidana, shimfiɗe a ƙasa kamar ƙadangare yana shan rana. Kajina ma ba su matsa ba.

"Mama, ina kwana?" in ji autana, ya durƙusa, yana ɓoye dariya.

"Lafiya lau. Turo ta kuka yi?"

"Da ƙafarta ta shigo, Mama. In tana kan batir ba ta magana."

"Abin da ke shiga gidan mutane ba sallama, ai sunansa daban," na ce. Matarsa ta karɓi kwanon hannuna tana murmushi.

Baba Ƙarami kuwa ya riga ya zagaye ta ya fi a ƙirga, hannu a baya kamar mai duba saniya a kasuwa. Ƙofa biyu gare ta. Kujerun ciki fata ne, kalar madara. A baya akwai wasu 'yan kujeru da ko kyanwa sai ta naɗe wutsiya. Ya sa aka buɗe masa but, wurin kaya na baya, ya leƙa, ya ce, "Oga Abuja, ina sauran? Nan ko doya uku sai an fere su."

"Batir ne ya cinye wurin, Baba."

"To mai take sha ko wuta?"

"Duka biyun. Ga bakin mai a nan, ga na wuta a can. Cikin gari wuta, doguwar hanya mai."

"Baki biyu!" Baba Ƙarami ya juyo wajena. "Matarmu, kin ji? Yaro ya auro mai baki biyu. Mu mai baki ɗaya ma da ƙyar muka ciyar."

"Wadda ka ciyar tana jin ka ta katanga," in ji Maman 'Yan Biyu, "zan kai mata rahoto."

Ban tambayi kuɗinta ba. Uwa ba ta tambayar abin da zai hana ta cin abinci. Na dai ga yadda autana yake shafa gefenta da bakin rigarsa, na tuna yaron da ke yanka gwangwanayen madara yana yi musu tayoyi da silifas, ya ja su da zare har coci. Na bar shi.

Na shiga ciki goge zanin zumunta tun da sauran wuta. Da na leƙo ta taga na ga wata baƙar igiya mai kauri ta fito daga haƙarƙarin motar ta hau baranda ta ɓace bayan turmi. Na ce, "Wannan fa?"

"Caji take yi, Mama."

"Ta sha. Kai ke sa wa mitar kati."

Na ɗauka ta tagar falo ya zura ta, inda kowa ke cajin waya. Tsayawar gurnanin firizar kuma ban ji ta ba, don famfon rijiyar maƙwabta yana kuka, rediyon Baba Ƙarami yana kuka, kowa a layin ya kunna abin da yake da shi. Aka ci abinci, aka yi hira. Matar autana ta wanke mini kuloli ta kife. Ni har da ɗan gyangyaɗi.

Azahar ba ta gama yi ba fanka ta tsaya. An ɗauke. Na ɗauko wani bargon in ƙara wa firiza, na dafa gefenta kamar yadda na saba. Firizar da ta wuni tana aiki gefenta ɗumi gare shi, kamar jikin yaro. Wannan ba ɗumi ko kaɗan. Na ɗaga buhu. Ga kan wayar firizata a ƙasa cikin ƙura, ga baƙar igiya zaune daram a soket ɗina.

Na buɗe murfin na ɗauki roba ɗaya na manna a kumatu. Sanyin randa. Ba na firiza ba.

Ban ɗaga murya ba. Ba na ɗagawa. Na kira autana da cikakken sunansa, wanda aka yi masa baftisma da shi, sai ga shi da gudu.

"Wa ya cire wannan?"

Ya dubi wayar, ya dubi robobin, ya dube ni. "Mama... ba rumbun wake ba ne? Na ga soket ɗin ya fi na falo ƙarfi. Na ɗauka wayar ma tsohuwar nan ce kawai aka maƙale."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka iso."

Maman 'Yan Biyu ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Yesu mai ceto." Ita ta san abin da aka faɗa a wajen shiri, tana wurin. Ta gaya masa a taƙaice, har da lemun kwalba. Na ga fuskarsa ta faɗi. Ba da gangan ya yi ba, kowa ya sani, amma kunu bai san gangan ba. Taro sai la'asar, rabon abin sha kuma sai an gama wa'azi, mai wa'azin kuwa na san ta, ba ta gajerta wa kowa.

Janaretata ƙarama ce, fanka da talabijin kawai take ɗauka. Ƙanƙara kuma, unguwar da ta kwana biyu ba wuta, wa zai samu? Matar autana ba ta tsaya shawara ba, ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta hau keke mai taya uku zuwa Television ta duba wajen masu kifi. Ta fita.

Na nuna motar da baki. "Ta sha wutata. Ta amayo ta."

"Mama, wannan ba ta mayarwa. Akwai masu yi, amma ba irinta ba."

"Baki biyu na ci, babu na bayarwa ko ɗaya?"

Muna tsaye cirko-cirko, sai ƙofar motar ta buɗe, Baba Ƙarami ya fito da rarrafe. Ashe tun da aka ɗauke wuta ya lallaɓa ya sa autana ya kunna masa, ya shige ciki yana jin labarai, bai san abin da ake ciki ba. Ya miƙe yana murza gwiwoyi yana cewa, "Kai! Oga Abuja, wannan ba mota ba ce, mutuware ce. Sanyi har cikin ɓargo. Kuma inji bai ko yi tari ba."

Na dubi Maman 'Yan Biyu. Ta dube ni. Autana ya dube mu duka, sannan ya dubi kujerunsa masu kalar madara. Shi da kansa ya ce, "A kawo robobin."

Ya mai da motar gindin mangwaro, a inuwa, shiru kamar an ja tabarma. Muka rufe gilasan da zannuwa, muka danne da duwatsu, sai ta koma kamar amarya. Na shimfiɗa leda a kujeru, na ɗora bargo. Sannan na jiƙa buhunan algarara, don kowace mace da ta taɓa mallakar randa ta san jiƙaƙƙen buhu da iska abokan juna ne. Muka jera robobi a kujerar gaba, a ƙasan kujera, a wuraren kyanwar nan na baya, muka lulluɓe. Ruwan buhu yana ɗiga gefen leda yana bin fatar. Autana ya gani. Ya juya kai ya ƙure sanyin har ƙarshe, ya karkato duk bakunan iskar kan kunu, ya rufe ƙofa a hankali.

Muka jawo benci muka zauna gadi.

Can sai ga matarsa ta dawo, gumi sharkaf, da ɓaraguzan ƙanƙara a leda. Wata mai kifi ce ta tausaya mata ta fasa mata daga wadda ke kan kifinta. Mun ɗauraye ta iya ɗaurayewa, amma ƙarni ba ya jin ruwa. Muka cusa ta tsakanin robobi. Da aka buɗe ƙofar aka rufe, Baba Ƙarami ya shaƙi iska ya ce, "Yanzu ta zama motar Kaduna."

Ba a jima ba, muna zaune, sai abar ta yi wani irin ruri, kamar zaki a cikin rijiya. Kaji suka watse, ɗaya har kan katanga. Maman 'Yan Biyu ta zubar da ruwan hannunta.

"Batir ne ya yi ƙasa," in ji autana. "Injin ya karɓa."

"Duk wutar da ta sha tun safe?" in ji Baba Ƙarami.

"Soket ɗin gida a hankali yake ba ta, Baba. Sai ta kwana a kai take ƙoshi. A gidana akwai nata na musamman, ga sola. Ofis ba nisa. Sai in daɗe ban ga gidan mai ba."

"In ta yi ciwo fa? Bakanikenmu na bakin titi zai iya?"

"Kar ma ya taɓa ta. Wuri ɗaya ne a Abuja, kayan kuma sai an aiko daga waje."

"In damina ta zo, ruwa ya cika hanya?"

"Sai ta zauna a gida, in ɗauki tsohuwar."

"Buhun masara?"

"Tsohuwar."

"Zuwa ƙauye Kirsimeti?"

"Tsohuwar, Baba."

"To ita wannan aikin me take yi?"

Autana ya yi 'yar dariya. "In na taka ta a hanya mai kyau, Baba, sai in ji kamar ba ni da wata damuwa a duniya."

"Ni ma haka nake ji in na sha kunun matarmu," in ji Baba Ƙarami, "kuma ba a aiko kayansa daga waje."

Ni dai ba na cikin hirar. Lokaci lokaci nakan buɗe ƙofa kaɗan in zura hannu ƙarƙashin buhu. Robobin ba su yi raɓa irin ta firiza ba, amma sanyin yana nan, har ya ɗan ƙaru. Ba wadda ta kumbura.

Da rana ta karkata na yi wanka na ɗaura zanin zumunta. Nan wata maganar ta taso. In aka kwashe kunun aka zuba a keke, zafin hanya da na jiran wa'azi zai ƙarasa shi. Dole motar ta kai shi har coci, ta kuma ci gaba da riƙe shi a can. Ni kuwa ba na barin kununa ya yi tafiya ba ni. Aka kwashe na kujerar gaba aka zuba a babban baho. Sai shiga. Ban san yadda masu kuɗi ke yi ba, amma ni sai da na juya baya, na riƙe wuyan autana, na sauka a hankali kamar mai zama a kan kujerar tsugunno, matarsa ta ɗago mini ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗora mini bahon a cinya, aka ɗaure mu tare da bel. Sauran suka bi mu a keke.

Ciki kuwa, gaskiya, daɗi. Sanyi, laushi, ƙarnin kifi. Yaran layi suna bin mu da gudu, kuma ba su sha wahala ba, don tafiyar hawainiya muke yi. Duk ramin da keke ke tsallakewa da tsalle ɗaya, mu sai mun tsaya mun yi masa gaisuwa, mu zagaye. Mai keken da ke bayanmu har ya gaji ya wuce, Baba Ƙarami ya leƙo yana ɗaga mana hannu yana cewa, "Sai kun iso, masu gudu!"

Kusa da coci akwai wani kwalbati da mutanen layin suka yi da kansu bayan ruwa ya cinye hanya. Sun yi shi da zuciya ɗaya, ya yi tozo kamar na raƙumi. Autana ya tsaya. Ya fita, ya tsuguna, ya dubi tozon, ya dubi cikin motarsa. Ya dawo ya zauna. Daga nan ina jin gangunan mata da shantu (an fara). Wata hanyar sai an koma babban titi an zagayo, ga cunkoson yammacin Asabar. A sauke a nan kuwa, kunu zai zauna cikin zafi har a gama wa'azi.

Na bar masa zaɓi. Motarsa ce, guminsa ne.

Ya karkata kanta, ya hau a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji wani sauti daga ƙarƙashin kujerata, ƙiiiii, dogo, kamar ana jan tukunyar ƙarfe a kan siminti. Ya runtse ido ɗaya. Bai tsaya ba. Wani abu ya ƙara cewa ƙwas, muka sauka.

"Yau dai na ji muryarta ta biyu," na ce.

"Riƙe bahon, Mama," in ji shi.

A harabar coci mata sun yi fari da shuɗi, wasu ba su riga sun shiga ba. Jar mota ta shigo ta tsaya a inuwar dalbejiya, duk suka juyo, suna jiran su ga matar wani babba. Aka buɗe ƙofa, sai ga ni da baho. Guɗa ta tashi. Fitowa ta fi shiga wuya. Mata biyu suka kama hannuwana, ta uku ta riƙe mini ɗankwali, aka ciro ni kamar ana cire rogo. Wata 'yar Gonin Gora, tsohuwar ƙawata, ta ce, "Mama, an ce za a hutar da ke, ashe irin wannan hutun ne!"

Na gyara zanina ban yi dariya ba. Ina shiga na lura da abin da aka tura bayan ƙofar ofishin fasto aka rufa da labule, akwatunan lemun kwalba. Uwar zumunta ta ga na gani. Ta ce, "Ko da za a buƙata ne, Mama." Na ce, "Kin kyauta."

Wa'azi ya yi tsawo kamar yadda na zata. Duk tsawonsa autana yana zaune a motar shi kaɗai da kunu, injin yana tashi yana kwanciya. Da aka ce amin na fita, Maman 'Yan Biyu na biye da ni da kofi. Ba na ba mutane abin da ban ɗanɗana ba. Na ɗauko daga gaba, na buɗe. Ba tsaki. Na kurɓa, lafiya lau, kauri da gardi, sanyi har haƙori. Na ɗauko daga ƙasan kujera, haka. Na can baya, waɗanda suka jingina da gilashi inda rana ta same su a hanya, 'yan kaɗan sun fara juyawa. Na ware su gefe na ce a mai da gida, kaji su yi biki.

Aka raba. Na zauna a kujerar gaba ina kallon bakuna, don baki ba ya ƙarya a kurɓar farko. Ba wanda ya yamutse. 'Yar Gonin Gora ta shinshina robar ta ce, "Waje kifi, ciki aljanna," ta nemi ta biyu. Uwar zumunta ta sha nata a tsaye, ta share baki da gefen hannu, ta zo ta rusuna kusa da kunnena.

"Mama, baɗi ma ke ce."

"Da ma," na ce.

Lemun kwalbar, mawaƙan coci, 'yan kwaya maza, aka ba washegari.

Da muka dawo gida, rana ba ta gama faɗuwa ba, autana ya shimfiɗa kwali ya kwanta yana leƙen cikin motar da fitilar waya. Wata baƙar roba tana reto. A kujerar baya ruwan buhu ya bar taswira. Na tsaya a kansa.

"Ta ji ciwo sosai?"

"Za ta rayu, Mama. Sai dai a jira kaya."

Baba Ƙarami, da roba a hannu wadda ya ɓoye wa kansa tun a coci, ya ce, "To matarmu, yanke hukunci. Tana da amfani ko ba ta da shi?"

Na ce ba ta ɗaukar doya, ba ta ɗaukar mutane, ba ta son hanyarmu, hanyarmu ma ba ta son ta. Matsalar da ta warware yau, ita ta kawo ta. A firiza kuma na ga waɗanda suka fi ta, ba sa buƙatar taya. Amma wanda ya saye ta don ransa ya yi fari, ya kuma yarda ya goga cikinta a kwalbati saboda kunun uwarsa, ba ni da ta cewa a kan abin da yake hawa. Autana bai fito daga ƙarƙashin motar ba, sai da ya ɗan jima.

Washegari Lahadi, kafin kowa ya tashi shirin coci, na ɗauko tsohon ƙyallen tata na yage shi, na ɗaure kan wayar firiza da soket ɗin tam, ƙulli a kan ƙulli, yadda duk mai son cirewa sai ya zo neman wuƙa a wajena. Sannan na je bayan kicin na tsinto gwangwanayen madara da na tumatir, na huda su da ƙusa, na zuba tsakuwa a ciki, na zarga su a igiya na rataya a jikin get, don kada wani abu ya sake shigo mini ba sallama. Na tura get ɗin na gwada. Ƙarar ta kai har bayan gida inda nake wanki, kaji suka watse. Na sake turawa don in tabbatar, sannan na je na ɗora ruwan zafi.